Ƙaramin da Ban Zaɓa Ba

Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Zakirai. Na duba takardun jarrabawa ba iyaka, na kayar da 'ya'yan manya ban ji ɗar ba, amma takarda ɗaya ce ta taɓa gagarata. Ɗana ne ya ajiye mini ita a bakin tabarma. Daga littafin rubutu ya yago ta, ya ja layi a tsakiya da biro, ya rubuta "ƙarami" a hagu, "babba" a dama, ya jera lambobi a ƙarƙashin kowanne. Abin da yake so in yi shi ne in nuna ɗaya, kuma wanda na nuna shi zai yanke ko ɗan nawa zai zauna a gida ko zai tafi.

Sai na fara faɗin yadda muke da shi, in ba haka ba za a ce ba ni da hankali. Shi ne ɗana na fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama su yi hira kamar sauran 'ya'ya. Kunya ake ce wa abin, ni kuma na riƙe ta da hannu biyu, har na fi waɗanda suka koya mini. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, gidanta yana bayan namu, katanga ɗaya ce tsakani. In ya yi kuka ina ji, sai in ƙara ƙarfin daka don kada a ce na saurara. Da ya kai aji uku ya faɗo ajina. Kullum da safe in ina kiran rajista, in na zo kan sunansa sai in ɗaga kai in gan shi a zaune, in sa alama, in kira na gaba. Yara suka gane, suka dinga dariya ƙasa-ƙasa. Shi kuwa daga wannan shekarar ya koma kirana Malama kamar kowa, bai sauya ba har yau.

Bayan kakarsa ta rasu ya dawo gidanmu, ya riga ya zama saurayi. Mahaifinsa bai daɗe ba shi ma ya bi ta. 'Yan matana biyu na tsakiya sun yi aure, sai ya rage mu uku: ni, shi, da autata. Ita ce ta zama bakinmu. Yana zaune taku uku daga inda nake zan ce, "Ki gaya masa tuwo na hucewa." Shi kuma ya ce, "Ki ce mata na ji." Wata rana yarinyar ta ajiye ludayi ta ce, "Wai ku biyun nan ba Hausa ɗaya kuke ji ba ne, sai da tafinta?" Na kai mata duka da mafici, amma a cikina dariya nake yi.

Sai ta samu makarantar koyon jinya a Kano, ta tafi. Gidan ya yi tsit. Mu gaisa da safe, in tura masa kwano cike, ya turo mini shi a wanke. Nakan ji tarinsa daga ɗaki in so in tambaya ko ya sha magani, sai dai in dafa citta da kanumfari in ajiye a bakin ƙofarsa in wuce.

Yana da ɗan shago a bakin kasuwar Zakirai, ɗaki ɗaya, da faifan sola biyu a kan rufi. Da damina yana gona kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake. In an kai amfani gida sai ya koma shago, ya buga wa mutane wasiƙa, ya tsara katin biki, ya haɗa bidiyon ɗaurin aure da na saukar karatu. Kwamfutarsa tsohuwa ce, ta hannu ya saya tun yana ɗalibi. A shekarar da nake ba da labari ta soma mutuwa a tsakiyar aiki, musamman da zafin bazara. Ba shi ya gaya mini ba. Tsakinsa nake ji tun daga zaure, kuma na san kowane irin tsakinsa da abin da yake nufi.

Wata rana bayan la'asar ina ɓare gyaɗar iri a tsakar gida, ya shigo ya zauna a kan kifaffen turmi, can gefen rumbu. Bai fuskance ni ba, rumbun ya fuskanta. Ya yi gyaran murya.

"Malama, akwai wani abu a cikin kwamfuta, furosesa ake ce masa. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Bai kai faɗin tafin hannu ba, amma duk aikin shi yake yi."

Na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Rabon da ya jera jimla uku a gabana kuwa har na manta.

"Ina so in haɗa sabuwa, irin ta kan tebur," ya ce da rumbu. "Furosesa biyu na gani. Na kasa zaɓa."

Na ce da farantin gyaɗa, "Mai saye ai shi ya san abin da yake so."

"Ai shi ne ban sani ba."

Ya tashi ya ajiye takardar nan a bakin tabarmata, ya koma kan turminsa. Ban taɓa ta ba sai da ya fita sallar magariba.

Daga ranar abin ya zama kullum. Bayan la'asar ya zo ya zauna, ya ɗauki layi ɗaya daga takardar ya yi bayani. Ƙaramin hannu shida gare shi, babban goma sha biyu. Haka ya fassara mini, ya ce in ɗauke su kamar 'yan gayya a gona, kowane hannu da nasa layin. Ƙaramin yana fitar da hoto da kansa, babban sai an haɗa masa wani kati daban, shi ma da nasa cin wutar. A cin wuta, ƙaramin wat sittin da biyar ya ishe shi, 'yar fanka guda ta sanyaya shi. Babban in ya ɗauki aiki yana haura ɗari nesa ba kusa ba, ga zafi, sai an ɗora masa wani tulin ƙarfe mai fanka biyu. Kowanne kuma da irin allon da ake dasa shi a kai, ba sa hawa na juna, saboda haka in ka zaɓi ɗaya ka zaɓa ke nan.

Ni da na koyar da lissafi shekara da shekaru, ba a kawo mini lambobi in yi shiru. Sai na soma shirya tambaya tun da safe, yadda nake shirya darasi a da. Ina wanke-wanke ina juya ta a raina, ina neman wadda za ta sa ya daɗe yana amsawa. Gaskiyar magana ba kwamfuta ce ta dame ni ba, da ita da babu duk ɗaya a wajena. Muryarsa nake so ta daɗe a tsakar gidan. Kuma ga dabara ta samu: wannan ba hirar uwa da ɗa ba ce, karatu ne, ko wa ya shigo sai ya ga malama da ɗalibi, illa dai an yi musayar kujera.

Wata rana na ce, "Shi mai hannu goma sha biyun, in wasiƙa ɗaya aka ba shi, duka hannayen ne suke kamawa?"

Ya juyo gaba ɗaya, ya manta da rumbu, ya dube ni ido cikin ido. "Malama, wallahi tambayar ke nan! A'a, hannu ɗaya ko biyu ne suke yi, sauran suna zaune. In wasiƙa ce ko katin biki, kunnen doki suke yi da ƙaramin. Sai an zo kan bidiyo mai nauyi babban yake nuna kansa."

"To ashe ragowar zaman banza suke, suna cin tuwo."

Ya yi dariya har da buga cinya. Yana da shekara ashirin da bakwai, amma sai ranar na san dariyar mahaifinsa ya ɗauko. Na sunkuyar da kai na ce gyaɗar bana ta cika ƙwari.

A sati na biyu ya hau mota ta Gezawa ya shiga Kano, wajen masu sayar da kayan kwamfuta. Wani mai shago ya bar shi ya gwada su biyun da bidiyon biki ɗaya da ya tafi da shi. Ya dawo da yamma bakinsa cike da labari. Ƙaramin ya ɗauki kusan minti arba'in kafin ya gama, babban bai cika ashirin ba. Amma ya ce da ya kai hannu bayan akwatin babban, iskar da ke fita kamar ta bakin murhu, fankokin kuma suna ta gurnani, na ƙaramin kuwa sai ka kasa kunne za ka ji shi. Ya ƙara layi biyu a takardar. Ya kawo mini tsarabar gurasa, ya ajiye a inda yake ajiye takarda, bai ce komai a kanta ba.

Washegari ya faɗi sauran maganar. Ya koma fuskantar rumbu.

"Malama, babban ba zai zauna a Zakirai ba. Solata ba za ta ɗauke shi ba, kafin azahar batir ya ƙare. Ko na ƙara faifai, aikin da ya dace da shi babu shi a nan. Akwai wani mutum a Legas da yake haɗa bidiyon talla, ya ga aikina a waya, ya ce in zo. Amma kowa da na'urarsa yake aiki, kuma sai mai ƙarfi. Ƙaramin kuma daidai shagona ne. Zai yi mini shekaru. In shi ne, ina nan."

Na matse gyaɗar da ke hannuna har ƙwayar ta rabu biyu.

"Ki zaɓa mini," ya ce. "Wanda kika nuna shi ke nan. Ina so ya zama da bakinki a ciki."

Na ce, "Za a duba."

Ƙaramin nake so. Bari in rubuta shi ƙarara tunda a lokacin ban faɗa ba. Na so shi har na haddace sunansa, haruffa da lambobi, ni da ban san yadda ake kunna kwamfuta ba. Ina share tsakar gida ina tsara inda za a gina wa matarsa ɗaki in ya yi aure, can gefen bishiyar darbejiya, da inda jikoki za su dinga zubar mini da ruwa in dinga faɗa. Da jikoki ba a kunya. Na ce a raina, duk abin da ban yi wa ubansu ba zan yi musu, yana gani, zai gane.

Kwana biyu bayan haka aka yi suna a gidan ƙanin mijina. Muna zaune ana rabon tuwo sai taubashiyata, wata tsohuwa mai baki kamar reza, ta ɗaga murya ta ce, "Ina Malama? An ce yanzu kullum la'asar kina zaune da ɗan fari kuna hira kamar sa'o'in juna. Boko dai ya cinye kunya! Saura ki goya shi ki zaga gari." Mata suka kwashe da dariya. Wasa take yi, na sani, irin wanda muka saba tun muna 'yan mata, kuma da a kan wani abin ne da na rama har sai ta nemi ruwa. Amma ranar sai na ji kamar an kama ni da sata. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da abu, a ce sati biyu sun zubar da shi? Na dawo gida ina jin abin da za a ce tun ba a faɗa ba: yaro ya samu hanya, uwar ta riƙe masa ƙafa don ba ta iya rabuwa da shi, kuma ɗan fari.

Ba zagin kunya nake ba. Na ga gidajen da ta gyara, na ga 'ya'yan da ta hana lalacewa. Amma babu wanda ya ce mini in zaɓi babban. Taubashiyata ba ta ma san da wata takarda ba. Ni ce na ƙara wa abin gishiri da hannuna.

Da safe na ɗauko takardar, na ɗauko jan biro, na duba ta yadda nake duba jarrabawa. Yawan hannu, babba ya ci. Gudu a aiki mai nauyi, babba. Daɗewa kafin a daina yayinsa, babba. Ƙarancin cin wuta, ƙarami. Ƙarancin zafi, ƙarami. Uku da biyu. Na ce wa kaina adalci na yi, lissafi ne ya zaɓa ba ni ba. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma ina sane, domin ni na zaɓi layukan da zan ƙirga.

Da la'asar ya zo ya zauna. Na tura takardar bakin tabarma, da jar alama a ɓangaren dama.

Ya ɗauka ya daɗe yana kallo. "Babban?"

"Shi ya ci jarrabawa."

"Malama, kin gane in babban ne..."

"Na gane. Namiji ba ya zama a gindin uwarsa yana buga katin biki." Da faranti na yi maganar, amma na ji yadda ta fita, da kaifin da ban nufa ba.

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Amin."

Ya ɗan ƙara zama, kamar mai jiran a ƙara wani abu. Ina da tambaya biyu da na shirya tun jiya, ɗaya a kan fanka, ɗaya a kan batir, amma ba su da amfani kuma. Aka kira magariba ya tashi.

Kafin ruwan farko ya tafi. Gyaɗar da na ɓare ƙanin mijina ne ya shuka ta. Ranar tafiyar ban raka shi ko zaure ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Na ƙulle masa ƙuli-ƙuli da yaji a leda, na ajiye a kan jakarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Malama, na tafi." Daga ciki na ce Allah ya tsare. Da na ji ƙarar babur ɗin da zai kai shi bakin titi ta yi nisa, na shiga madafa na hura wuta ba tare da ina da abin ɗorawa ba, don in an shigo a ce hayaƙi ne.

Ya yi nasara, kada a ce ban faɗa ba. Babban ya yi masa aiki yadda takarda ta ce. Ya yi aure a can, 'yar mutanen Kano mazauna Legas, yarinya mai kirki, suna da yara biyu. Yakan zo da babbar sallah in aiki ya bari, kwana uku, gida cike da masu gaisuwa, jikokin suna ɓuya a bayan uwarsu don ba su san ni ba. Kowace Juma'a yana kira. Ina wuni, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, ya yara, suna gaishe ki. Sai mu yi shiru kowa na jin numfashin wani, sai ya ce to sai an jima. Wani lokaci ina so in ce, yaya mai hannu goma sha biyu, yana nan yana zafi? Sai maganar ta yi mini nauyi in haɗiye.

Bara, shekara shida da tafiyarsa, gara ta ci azarar ɗakinsa, ruwa ya soma zuba. Autata ta zo hutu daga asibitin da take aiki, muka shiga fitar da kaya kafin magina su zo. A ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe cike da littattafansa na firamare, wasu da jan birona a ciki. A ƙasansu na ga wani ɗan kwali, ko buɗe shi ba a yi ba. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske. Idona ya yi rauni yanzu, amma ban nemi tabarau ba, na san haruffan nan da lambobin nan.

"Wannan ai ƙaramin ne," na ce.

Autata ta tsaya da tsintsiya a hannu, sannan ta zauna a bakin gado.

"Inna, ashe bai ɗauke shi ba."

"Kin san da shi?"

"Ranar da ya je Kano gwaji ya saye shi. Ya biyo ta makarantarmu ya nuna mini, yana ta murna. Ya ce ya riga ya san wanda za ki zaɓa, so yake kawai ya ji kin faɗa da bakinki, ko sau ɗaya. Ya ce in kin nuna ƙaramin zai shiga ɗaki ya fito da shi ya ce ai ga shi ma." Ta goge ido da bakin mayafi. "Da na tambaye shi daga baya ya ce in bar maganar. Ya ce ashe bai san ki ba."

Na zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen daɓe. Ko da mahaifinsu ya rasu ban yi kukan da na yi ranar ba, kuma a gaban 'yata na yi shi.

Ranar Talata ce. Ban jira Juma'a ba. Na ce ta kira mini shi, ta miƙo mini wayar ta fita tsakar gida.

"Malama? Lafiya?" A tsorace ya yi maganar, don ban taɓa kiransa ba.

"Lafiya lau. Gyaran ɗakinka muke yi. Na ga wani ɗan kwali."

Ina jin ƙarar motoci a bayansa, da wani yana yi masa magana da Turanci.

Na ce, "Shi nake so. Tun ranar farko shi nake so. Ban so ka tafi ba."

Na ɗauka layin ya yanke, har na cire wayar daga kunne na duba.

"Da kin faɗa," ya ce a hankali. Ba da faɗa ya yi maganar ba, ina ma da faɗa ya yi. Ya ja numfashi. "Yanzu an daina yayinsa, Malama. Ko allon da zai hau sai an sha wuya a samu. Ga yara sun shiga makaranta a nan, ga aikin..." Bai ƙarasa ba.

"Na sani," na ce.

"Ki ajiye shi dai. Kada ki ba kowa."

Na ce to. Aka kira shi daga can, ya ce zai bugo ranar Juma'a, na ce Allah ya kai mu. Magina suka yi sallama a zaure, na tashi na je na nuna musu inda yake zuba.